Shanu Masu Jan Ƙaho

A gonar jami'a ba mai kiransa da sunansa na yanka. Tun yana saurayi ɗalibai suka laƙaba masa Sarkin Shanu, sunan ya bi shi har gida. Matarsa ma in ta so tsokana sai ta rusuna ta ce, "Ranka ya daɗe, talakawanka sun ƙoshi kuwa?"

Aikinsa tatsa. Da asuba zai zura takalmin roba, ya wanke hantsar saniya da ruwan ɗumi, ya tatsa, ya tace, kafin motar da ke kai madara ɗakin cin abincin ɗalibai ta iso. A haka gashinsa ya yi fari, gwiwoyinsa suka fara ƙara in zai miƙe daga kan 'yar kujerar tatsa. Da wannan aiki ya aurar da manyan 'ya'yansa, ya sa 'yarsa Auta a jami'ar, a tsangayar noma.

Wata shekara Daraktan gona, wani farfesa mai fara'a da kowa ke yabo, ya kawo gwajin sabon maganin dabbobi. Aka ware wasu shanu, aka shafa wa ƙahonsu jan fenti, ana yi musu allura. Shi da bakinsa ya tara ma'aikata ya ce madarar masu jan ƙaho a rami za a riƙa zubarwa, ko kare kada a ba wa.

Sai abincin dabbobi ya yi ƙaranci, sauran shanun suka janye nono. Ɗakin cin abinci suka fara ƙorafi, ga shi shugaban jami'a ba ya karɓar baƙo bai yi alfahari da madarar gonarsa ba. Rannan Darakta ya tsaya a bakin garke, hannu a aljihu, ya ce a daina zubarwa, a haɗa.

"Yallaɓai, ba kai ka ce ko kare kada a ba wa ba?"

"Ni na ce, yanzu kuma ni na ce a haɗa. Ɗan kaɗan ne, ba ya komai."

Sarkin Shanu ya haɗa. Ya yi ta haɗawa har aka kwana biyu ana yi. Abin da ya iya kawai shi ne ya ja Auta gefe ya ce ta daina shan shayi da madara a makaranta. Ta matsa masa sai da ya faɗi dalili. Sai ta ce, "To sauran fa, Baba? Wadda muke ɗaki ɗaya ciki gare ta, kullum sai ta sha."

Washegari bayan tatsa ya wanke ƙafa, ya sa rigarsa ta zuwa biki, ya nufi ginin hukumar jami'a. Ofishin karɓar koke yana can ƙarshen bene, kusa da banɗaki, fankarsa tana juyawa tana kuka. Wata lauya ce a ciki, kowa Barista yake ce mata. Ta ba shi kujera, ta saurare shi har ya gama ba ta katse shi ba.

"Baba, ka kwantar da hankalinka. Dokar jami'a ta hana a faɗi sunanka, ta hana a kore ka, ta hana a rage maka matsayi."

"'Yata, mu uku ne muke tatsa. Ɗaya kurma ne, ɗaya kuma ƙanin matar Darakta."

Dariya ta kuɓuce mata, ta yi maza ta gimtse.

Ba a faɗi sunansa ba, gaskiya ne. Amma ranar da kwamitin bincike ya zo ɗibar madara, duk wanda ke garken shi ya juyo yana kallo. Aka gwada, aka samu maganin a ciki. Aka dakatar da kai madara gaba ɗaya, aka tsayar da gwajin. Da madara ta tsaya, sai aka sallami ma'aikatan wucin gadi, masu yankan ciyawa da masu wankin bokitai, mutanen da ya yi shekaru yana cin abinci kwano ɗaya da su. Su ba dokar da ta kare su. Ɗaya daga cikinsu ya tare shi a hanya ya ce, "Sarki, ka kyauta. Kai dai albashinka na nan."

Ba a jima ba aka canja masa wurin aiki, aka mai da shi gadin tsohon tafkin kifi a bayan gona. Tafkin ya daɗe da ƙafewa, ba kifi, ba ruwa, sai ƙadangaru da wata rumfar kwano mai zafi kamar tanda. Ya koma wurin Barista.

"Sun ce canjin wurin aiki ba hukunci ba ne," in ji ta, tana murza ido. "Na yi musu magana, na sake yi. Sun ce ma tausayin gwiwarka suka ji."

"Allah ya saka musu da alheri," ya ce, ya lallaɓa ya sauko daga benen yana dafa bango.

Abin da ya fi cin ransa na Auta ne. Malamin da ke duba aikinta na shekarar ƙarshe ya ce ayyuka sun yi masa yawa. Na biyu ya ce ba fanninsa ba ne. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya ambaci ubanta, ƙofofi ne kawai suke rufewa a hankali. 'Yan ajinsu suka gama suka bar ta. Sai da Barista ta yi ta sintiri kafin wata malama, baƙuwa a tsangayar, ta karɓe ta. Ta gama bayan shekara guda. Ba ta taɓa yi masa gori ba, amma ta rage surutu a gida, shi kuma ya lura.

Darakta kuwa an sauke shi daga shugabancin gona, aka bar masa ajinsa da ofishinsa. In suka haɗu a hanya yakan sauke gilashin mota ya ce, "Sarki, ya iyali?" Shi kuma ya amsa, "Lafiya lau, yallaɓai." Daga baya aka dawo da kai madara, mai tsabta, wasu ne suke tatsa.

Dab da Sarkin Shanu zai yi ritaya jami'a ta shirya taron ƙaddamar da sabuwar dokar kare masu fallasa ɓarna. An ƙara a ciki cewa ba za a canja wa mai kai ƙara wurin aiki ba sai da yardarsa, kuma kariyar ta shafi iyalinsa da ke karatu. Barista ta aika masa ya zo. Ya zauna a layin baya, kusa da ƙofa. Shugaban jami'a ya yi dogon jawabi a kan wani jarumin ma'aikaci da doka ta hana a ambaci sunansa. Aka yi tafi. Rabin zauren ya waiwayo.

Ya dawo gida da lemon kwalba da aka raba, ya miƙa wa matarsa, ya zauna a tabarma yana cire takalmi da ƙyar.

"Yaya taron?"

"An yi. Sun ce na bayana ba zai sha abin da na sha ba."

"Ka yarda?"

"Barista dai ta yarda. Ita ma duk ta rame."

Matar ta buɗe lemon, ta zuba masa rabi a kofi. "Malam, tsakaninka da Allah, da za a maimaita, za ka sake hawa benen nan?"

Ya ɗauki kofin ya kurɓa.

"Wallahi ban sani ba," ya ce. "Ina jin zan hau. Amma ba da saurin da na yi ba, sai na fara nema wa masu yankan ciyawa mafita. Miƙo min man zafin nan, gwiwar ta motsa."