Muryar Baba a cikin kwamfuta uku

Tsofaffin kwamfutoci uku na jera a ƙasa, a zauren gidanmu na Shahuci. Wata manhajar ajiya nake son sanin cikinta, irin wadda masu ita suka bar rubutunta a buɗe don kowa ya karanta. Aikinta ta daddatsa abin da ka ba ta, ta raba wa injuna, yadda in ɗaya ya mutu sauran biyun za su harhaɗo shi. Ni kuwa karatu zalla ba ya shiga kaina. Sai in fizge wutar ɗaya yana tsaka da aiki, in bi manhajar layi-layi, in ga inda take kame-kame. Wallahi daɗin muguntar nan nake ji.

Abin da na zuba mata na gwaji shi ne karatun Alƙur'anin marigayi Baba. Kaset ɗin ya riga ya tsinke, wayar da na kwafa a kai kuma an ƙwace ta a Ƙofar Nassarawa. Muryarsa ba ta ko'ina sai cikin injunan nan.

Wata la'asar Yayana ya shigo. Marubucin Alƙur'ani ne, ko takarda ba ya taɓawa sai da alwala. Bakina ya ja mini, na shiga yi masa burga.

"Yaya, ka ga karatun Baba? Gunduwa-gunduwa manhajar nan take yi da shi. Tsaya ka ga in kashe wannan."

Na sa ƙafa na shure soket ɗin.

"Alƙur'anin kake datsawa?" in ji shi. "A ƙasa, kusa da takalma? Har da shuri?"

Kafin in buɗe baki ya zaro ƙarfen sakatar ƙofa. Dukan farko ya fasa cikin inji ɗaya, ya maka wa na biyun ya yi tartsatsi, zauren ya gume da ƙaurin roba. Na rungumo shi ta baya, ya watsar da ni, bakina ya daki dakali. Na tashi da jini, na kai masa naushi a ido, shi da ko sunansa ban taɓa kira ba. Muka yi ta birgima cikin fasassun ƙarafa, ya shaƙe ni, na cije shi, har maƙwabta suka ɓamɓare mu. Na kwanta a kan na ukun ina zaginsa ina kuka.

Makonni muka yi ba ma gaisawa. Na kai faya-fayan ajiyar injunan biyu wurin masu gyara, suka ce sun tashi aiki.

Ran nan bayan sallar Juma'a ya tsaya a bakin zaure, idonsa bai gama washewa ba. Ya daɗe yana kallon injin da ya tsira, wanda yanzu na ɗora a kan tebur.

"Wannan ɗin," ya ce a hankali, "kunna mini. Ko Fatiha ce in ji."

"Yaya, sai da biyu take iya haɗawa. Shi kaɗai ko Bisimilla ba zai bayar ba."

Ya durƙushe a wurin, ya rufe fuska da hannun rigarsa.