Rumfar Inna a Bakin Gudron

Abin ya ɗan daɗe, kuma wani sashensa ina makaranta ya faru, daga baya aka ba ni labari. Mai yiwuwa na haɗa damina biyu na mai da su ɗaya. Amma abin da idona ya gani, ina tsaye a kansa.

Garinmu yana arewa da Tawa, a kan tsohuwar hanyar jar ƙasa. Saboda gargada, motar da ta bar tashar Tawa da safe sai azahar take isowa. Fasinja kan sauko ƙafa a sage, ciki na kuka. A gindin itacen bedi Innarmu ke da rumfa, tana sayar da shinkafa da wake da fura. Da rumfar nan ta riƙe mu bayan rasuwar babanmu.

Da aka shimfiɗa gudron, wato kwalta, sai ya bi ta bayan tudu, ya bar gari a gefe. Wasu sun ce dattawa ne suka roƙa saboda maƙabarta, wasu sun ce ra'ayin injiniyoyi ne. Ban sani ba, ba zan ɗora wa kowa ba. Mai faci dai ya koma Tawa, mai shayi ya tafi cirani, mu kuwa muna jiyo ƙugin motoci daga nesa.

Kawuna, yayan Inna, ya zo daga Tawa ya ce, "Na share miki ɗaki. Mi ya rage nan, ke da awaki?"

Inna ta ce, "Yaya, ni da na saba zuba wa mutane, in koma jiran a zubo mini?"

Suka rabu a kan cewa idan kaka ta yi ba a ga canji ba, za ta bi shi.

Ta ɗora tukwane a amalanken jaki, ta kafa rumfa a bakin gudron. Da na zo hutu na tarar abinci na nuna da azahar kamar kullum, amma ba mai tsayawa. Motocin Tawa yanzu da hantsi suke wucewa, ƙosan tasha ma bai sauka daga cikin fasinja ba. Mu muka riƙa cinye waken har ya gundure mu.

Wata la'asar, motar da ta fito daga arewa ta yi faci kusa da mu. Direban, tsohon mai cin abincin Inna, ya tsallako neman ruwan alwala.

"Inna, ashe nan kika ɓuya? Kullum nan la'asar ke kama mu, ga yunwa, amma ba wurin salla."

"In da wuri, za ka tsaya?"

"In wakenki bai canza ba."

"Wakena na nan. Tumbinka ne ya canza."

Washegari ta tsallakar da rumfa zuwa hannun masu komawa Tawa. Muka kwaso duwatsu daga tudu muka kewaye wurin salla da su, limamin gari ya zo ya daidaita mana alƙibla, aka zuba rairayi a ciki. Ta ajiye randa da butoci, ta mai da girki bayan azahar. Ba zan ce nan take aka cika ba. Direban nan ne ya fara, sannan wani mai kamyo, wato babbar motar kaya, sannan fasinja da kansu suka riƙa buga jikin mota suna cewa a tsaya wurin Inna.

Da kaka ta yi, Kawu ya dawo. Sai da ya bi layi kafin ya samu buta. Da ya sallame, Inna ta miƙa masa kwano ta ce, "Yaya, ɗakin nan da ka share, a zuba gero a ciki."

Cikin gari bai farfaɗo ba, wannan gaskiya ne. Gindin bedi yanzu jakai ke kwana. Amma Inna na nan bakin gudron. Direbobi da fasinjan da suka yi salla a tsakanin duwatsun nan suna da yawa. Wanda ya ga na karkace a wani wuri, don Allah ya aiko mini in gyara.