Hular da Baba Ya Aika Fatakwal

Babanmu kwalin hula yake yi. In na faɗi haka sai mutane su yi murmushi, su zaci katan ɗin taliya yake yankawa yana liƙewa. Ba shi ba ne. Kwali ne mai kauri da ake kawo masa daga Kano, wanda in ka ƙwanƙwasa sai ka ji kamar ƙofa. A zauren gidanmu a Talata Mafara yake zama, ya ɗora shi a kan allon katako, ya ja masa layi da aska. Ba ya yankewa gaba ɗaya, rabin kaurin kawai yake tsagawa, don in ya ninke kusurwa ta fito tsaf. Sai ya kama kusurwoyin da ƙyallen atamfa da gam, ya danne da duwatsu har su bushe. Murfi yakan fi gindi faɗi da kaurin kwalin kansa, ba ƙari ba ragi.

Ni ce mai lulluɓe su da takarda mai launi. Aurena a unguwar da ke bayanmu yake, in na gama aikin gidana sai in yafa mayafi in taho. Ina shafa gam ina surutu, shi kuwa yana aiki kamar ba ya ji. In takarda ta yi kumburi a gefe sai ya nuna da bakin aska, ko kallona ba ya yi. Wallahi sau da yawa na yi fushi na ce gobe ba zan zo ba, gobe kuma ni ce ta farko a zauren.

Yana da ƙa'ida guda: ba ya yanka kwali sai hula tana gabansa, an wanke ta an sa mata sitaci ta tsaya. Ya ce kowace hula da tsayinta. Mai kawo masa huluna wani tsohon abokinsa ne daga Dosara, maɗinki, da ke zuwa ranar kasuwa a bayan babur, hulunan a cikin rigar matashin kai. Gaisuwarsu kaɗai takan kai ni in gama murfi biyu.

Mu biyu Baba ya haifa, ni da yayana. Yayana tun yana saurayi ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa yana shaƙar gam ba, ya bi motar albasa ya tafi Fatakwal. Ba faɗa aka yi ba. Ya samu abin yi, ya yi aure can, yana aiko da saƙo, amma zuwa ya gagara. Baba yana son ganinsa kamar me, kowa a gidan ya sani, sai dai bakinsa ba ya iya faɗa. In sun yi waya, daga ya aiki sai ya ruwa, sai Allah ya yi albarka. Ni abin yana ci mini rai.

Da labari ya zo matar yayana ta kusa haihuwa, Baba ya ce zai aika masa hular da zai sa ranar suna. Ya buɗe akwatinsa na ƙarfe ya ciro wata tsohuwar hula da yayana ya bari rataye a ƙusa ranar da ya tafi. Ban ma san ya adana ta ba. Ita ya miƙa wa maɗinkin ya ce ga awo.

Tsohon ya jujjuya ta ya ce, "Malam, kai hwa na sakewa da shekaru."

Baba ya ce, "Kan ɗana na, ni nas san abuna."

Aka ɗinka hula, ruwan toka da zare shuɗi, kyakkyawa ta gaske. Kwalinta kuwa ban taɓa ganin Baba ya yi irinsa ba. Bango biyu ya yi masa, ya liƙa kwali a kan kwali, saboda hanya ce mai nisa kuma a cikin kaya za a cusa shi. A ciki ya kafa wani zagaye da hular za ta zauna a kai kada ta motsa. Takardar ma bai bar ni na sa ba, wai hannuna yana da gaggawa. Da ya bushe ya sa aka ɗauko turmin gidanmu aka ɗora a kai, bai lotsa ba. Wani direba ɗan Bakura ya tafi da shi.

Ranar suna da yamma yayana ya turo hoto a wayata. Ga shi ya yi jiki, wuya ya cika, gemu har da furfura. Jariri a hannu ɗaya, hula a ɗaya hannun, kansa ba komai. Na kai wa Baba. Ya riƙe wayar nesa da idonsa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in kira shi.

Yayana ya ce, "Baba, kwali ya iso lahiya, ko kusurwa ba ta taɓu ba."

"Hular hwa?"

"Ta yi kyau ƙwarai, kowa na yabawa."

"Cewa niy yi ta shiga?"

Yayana ya ce, "Ba ta shiga ba, Baba."

Baba ya share gam ɗin yatsunsa a gwiwa. Ya ce, "To ka taho a auna ka." Tunda nake ban taɓa jin ya ce masa ya zo ba sai ranar.

Yayana ya ce in sha Allahu bayan Sallah. Bayan Sallah ta zama bayan damina, bayan damina ta zama in yaro ya yi ƙwari. Na kira shi na zazzage masa abin da ke cikina, girmansa bai hana ni ba, ya yi ta ba ni haƙuri. Baba dai ya ware fallen kwali guda mafi kyau ya jingine bayan ƙofa, lokaci-lokaci yana juya shi kada danshi ya lanƙwasa shi. In mai saye ya matsa, sai ya ce wannan da mai shi.

Ciwon da ya tafi da Baba bai daɗe ba. Yayana yana hanya aka yi jana'iza, ya iso ya tarar da zaure cike da masu gaisuwa. Har yau in na ji warin gam sai zauren nan ya dawo mini, in ji kamar in na leƙa zan gan shi sunkuye da askarsa.

Ranar addu'ar uku na kawo kwanon abinci bakin ƙofar zaure daga ciki, sai ga maɗinkin Dosara ya shigo. Ya gaisa da jama'a, ya yi addu'a, ya zauna kusa da yayana. Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro zare.

Ya ce, "Malam yac ce duk randa kat taho in auna ka. Sunkuyo, ɗana."

Yayana ya sunkuyar da kai a gaban mutane. Tsohon ya zagaya zaren, ya ƙulla, ya mayar aljihu, ya ci gaba da jan carbinsa. Yayana bai ɗago ba har aka kira la'asar.