Malam Saura-Ƙiris

Ranar da kwamitin ƙaro karatu na jami'a ya ce maƙwabcinmu ya kawo bincikensa a ga inda aka kwana, da kansa ya sauko da kwalin daga saman kabad, bai ko buɗe ba. Yana shiga ɗakin taro gindin kwalin ya ɓalle. Jar ƙasa ta zubo a kan teburin manya, da guntayen takardu kamar an tankaɗe, ga gara tana neman mafaka a tsakanin kofunan shayi. Abin haushin, binciken nasa a kan gara yake, wato yadda za a hana ta cin hatsi a rumbu. Da labari ya iso layinmu muka ce to alhamdulillahi, ko ba komai an samu masu karanta aikin daga bango har bango.

Malam Saura-Ƙiris muke ce masa. Tun 'yarsa ta fari tana rarrafe, in ka tambaye shi ina labarin digirin digirgir, sai ya gyara tabarau ya ce saura ƙiris. Yau jikansa ne ke rarrafe, ƙiris ɗin tana nan daram.

Kada a ɗauki alhakinsa, mutumin ba rago ba ne. A sashensu bi da bi ake tafiya ƙaro karatu: in ɗaya ya tafi, wani ya riƙe masa ajinsa. Da layi ya zo kansa, mahaifiyarsa ta kwanta ciwo, ya ce a tura na bayansa. Da ya sake zagayowa, sai wani ɗalibinsa da aka ɗauka aiki ya samu gurbin karatu, ya zo har gida ya durƙusa yana roƙon a bar masa layin. Malam ya ce je ka, ni na riƙe. Ya haɗa aji biyu, ya wuni yana shan alli, ya dawo da takardun jarrabawa a buhu. Daga nan kowa ya gane hanya. Duk mai tafiya sai ya biyo ta ofishin Malam, mai fankar nan da ke juyawa in ta ga dama. Ɗakin karatunsa na gida ma tuni uwargida ta sa keken ɗinkinta a ciki, ta ce ɗaki ba ya jiran mutum.

Bayan an share teburin, kwamiti ya lallaɓa ya shaida masa cewa shekarunsa sun wuce na wanda ake turawa, kuma doka ta ce ba digirgir, ba ƙarin girma. A matakin da yake zai yi ritaya. Da yamma ya zauna a bencin ƙofar gida, takalmi a ƙafa, yana kallon bango. Duk iya tsiyarmu ba wanda ya tanka masa. Uwargida ta ce abin da ke cinsa ba muƙamin ba ne: ya tabbata ya kusa gano maganin, ga shi ba ya iya tuna rabin abin da ya rubuta.

Ana nan sai ga ɗalibin nan da ya durƙusa, yanzu shi ne shugaban sashe, ya faka mota a bakin kwata. Ya gaishe shi da ladabi, ya ce an shirya wa sababbin malamai bita kan yadda ake fara bincike, shi zai koyar, kuma ya sa sunan Malam don ya ɗan motsa jini. Sannan ya ƙara da cewa, "Malam, ai gemu ba ya hana ilimi."

Malam ya shafa furfurarsa, ya dube shi ta saman tabarau.

"Gaskiyarka, ɗana, gemu bai hana ni ba. Ajinka ne ya hana ni, kuma lokacin ko gemun ban tsayar ba."