Mushe Lamine da Iyakokin da ke Cikin Ƙarfe

Kowace safiya Mushe Lamine Attahiru (mushe muke ce wa malamin boko) yakan fito daga gidansa na Maijirgi rungume da akwatin katako, ya nufi rumfar masu walda da ke bakin hanya. Da can da sauri yake tafiya. Yanzu da ƙafa yake laluben hanya, domin ciwon ido ya cinye masa gani saura kaɗan. A cikin akwatin akwai madubin ƙara girman abu, wanda ya taho da shi daga Rasha shekara talatin da biyar da suka wuce.

Can ya karanci titan, ƙarfen nan mara nauyi da ake sa wa jirgin sama. Ya dawo da niyyar bincike, aka miƙa masa alli, aka tura shi kwalejin ƙauye. Issawane, Mayahi, sannan gida. Ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da ya sani.

Ɗalibansa ba su manta yadda yake bayani ba. Yakan ce ƙarfe ba dunƙule ɗaya ba ne, ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna kamar gonakin gari, kowace da iyakarta. Idan aka gauraya titan da wani ƙarfe aka gasa, sai wani sashe daban ya tsiro ya bi iyakokin nan, ya shimfiɗu kamar ruwa, alhali daskararre ne. Wani zafin yakan sa ya zagaye ƙwayoyin kaf, wani ya bar shi tsilli-tsilli. Yakan ce, "Ƙarfe daga iyaka yake fara rigima, kamar manoma."

Masu waldarmu suna da wata ɗabi'a. Da sun liƙe sandar da ke riƙe da ƙafafun amalanke, sai su sheƙa mata ruwa ta huce, mai jaki ya kama gabansa. Mushe ya yi ta roƙon su riƙa binne ta cikin yashi ta huce a hankali, domin ruwa na sa ta gautsi. Sha'ibu, babban mai walda na garin, dariya yake masa.

"Mushe, ubana maƙeri, kakana maƙeri. Kai mai alli za ka koya mini wuta? Naka ƙarfen na jirgi ne, mu nan jaki muke da shi."

"Jakin ma ɗan mutum yake ɗauka, Sha'ibu."

Ranar wata kasuwa, sandar da Sha'ibu ya liƙe ta karye a gangare, amalanke ta kife da buhunan gyaɗa a kan Hafiza, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya. Ƙashin cinyarta ya farfashe. A asibitin birni aka ɗaure mata shi da farantin titan. Ta haka kawai ƙarfen da Mushe ya ba ƙuruciyarsa ya shigo Maijirgi: cikin karyayyar ƙafa.

Mushe bai ce "ai na faɗa" ba. Ya ɗauki guntun sandar, ya goge shi har ya yi sheƙi, ya ɗora ƙarƙashin madubi. Sha'ibu ya duba, ya ga tsagar tana bin iyakoki kamar hanyar gara. Ya daɗe bai ɗago ba. Da yamma ya kifar da durom ɗin ruwan, ya sa aka jibge masa yashi.

Bana Mushe ya ajiye alli. Aka yi jawabai, aka ba shi agogon bango. Agogo, ga mutumin da ba ya ganin allura! Kunya ta kama mu ƴan boko, mu da muka iya kukan rashin masana alhali ga masani yana tsufa a ƙofarmu.

Kai ne, Mushe, rijiyar da aka gina a bayan gari, aka bar ta ga tsuntsaye. Kai ne ka san ƙarfen jirgi, ba ka raina ƙarfen jaki ba. Mun gode. Allah Ya saka, Ya haskaka maka abin da ya rage.

Jiya ma Mushe yana rumfar. Sha'ibu ne ya sunkuya kan madubin, shi kuwa yana zaune gefe.

"Me ka gani?"

"Gonaki, Mushe. Iyakoki sirara, ba tsaga."

"To ba mai jaki kayansa."

Sha'ibu ya ara masa ido, amma bai iya rubutu ba. A gidan Mushe akwai kaye tara, littattafan da ya rubuta bincikensa, cike da Rashanci, babu mai karanta su a garin sai shi, shi kuma layukan sun fara ɓace masa. Ya ce zai fassara su da baki, in an sami mai rubutawa. Wata uku ke nan da faɗar haka. Bencin da ke kusa da shi yana ɗaukar mutum uku, kuma har yau babu kowa a kai. Duk mai biro, sai ya zo gobe da safe.