Ntate Lebona da Bargon Rufi

Ntate Lebona Sekhesa ya shekara talatin da huɗu yana ɗora bulo a Botshabelo, rabin gidajen layinmu aikin hannunsa ne. A harshenmu Ntate shi ne Baba, Mme ita ce Mama, Nkgono kuwa Kaka. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, fensir ba ya barin bayan kunnensa ko a coci.

Da hukumar gari ta kawo sabuwar ƙa'idar gini, daki-daki ta bi. Shekarar farko aka ce kowane sabon gida a shimfiɗa masa audugar gilashi a saman silin, don ta tare sanyi da zafi. Ta biyu, manyan tagogi su kalli arewa, inda ranar hunturu ke bi. Ta uku, tankin ruwan zafi mai aiki da rana. Wanda bai cika ba, babu takardar shiga gida.

Ntate Lebona ya yi dariya har da tari. "Gida ne ko jariri, da za a lulluɓe shi da bargo?"

Gidan farko da dokar ta same shi a kai na wata tsohuwa ne, Nkgono Masentle. Mai duba gini, Mme Nthabeleng, ta hau tsani da tocila, ta sauko tana kakkaɓe hannu.

"Ntate, katangarka ba ta da ta biyu. Amma audugar nan ka bar mata giɓi a kowace kusurwa. Ba zan sa hannu ba."

"'Yata, ina gini tun ba a haife ki ba."

"Na sani, Ntate. A ɗakin da ka gina aka haife ni, kuma mun sha sanyi a cikinsa."

Kwana biyu ya yi yana rarrafe a cikin rufin, jiki na ƙaiƙayi, yana toshe giɓi yana mita. Ta dawo, ta duba, ta sa hannu.

A watan Yuni, tsakiyar hunturunmu, da sanyi ya kai ruwa na daskarewa a bokiti, tsohuwar ta kira shi ya gyara mata ƙofa. Ya tarar da ita zaune a hasken taga tana tsintar wake, ko bargo ba ta yafa ba. Kaskon gawayinta na waje a kife.

"Jikata ta daina tari," in ji ta, tana zuba masa shayi. "Cire kwat ɗin nan mana, ɗana, za ka yi gumi."

Da ya koma gida ya tsaya yana kallon rufinsu da hayaƙi ya baƙanta. Matarsa, Mme Puseletso, ta ɗago daga kan tukunya.

"Me ka ajiye a sama, Ntate?"

"Awo nake."

"Ah to. Magini ya tuna yana da gida."

Dokar ba ta shafi tsofaffin gidaje ba, amma cikin sati uku ya shimfiɗa audugar, ya fasa katangar arewa ya kafa taga mai faɗi.

Yanzu magina 'yan'uwansa shi suke kira kafin mai dubawa ta zo. Sai ya hau tsani, ya cusa hannu a kusurwa, ya ce, "Nan iska za ta kwana, sake." Gwiwoyinsa sun fara ƙorafi, shekara uku ke nan yana cewa baɗi zai ajiye cokalin gini.

Kujerar bakin tagar kuwa Mme Puseletso ta ƙwace ta da keken ɗinkinta. Ran Lahadi bayan coci shi a benci yake zama gefenta, da kwanon tuwon masara da nono, rana tana dukan ƙafafunsu.