Ranar da na zubar da tukunyar rawaya

Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa. Maigidana ciwon hanta ne ya ɗauke shi, a gidanmu na Ketaren Gwari. Har gobe in na tuna yadda cikinsa ya kumbura sai na yi kuka, ba na ɓoye wa kowa.

Ban daɗe da fita takaba ba idon autata ya koma ruwan ɗorawa, ta daina cin abinci. Na ce shawara ce. Na je Kasuwar Kure na sayo saiwar rawaya da sassaƙe iri uku, na jiƙa a tukunya. Safe da yamma ina ɗura mata, na hana ta mai da nama, amma sai ƙara ramewa take. Na sa a raina ita ma tafiya za ta yi.

Maƙwabciyata ce ta ja mu asibiti, aka ɗebi jini. Ma'aikaciyar da ta kawo sakamakon 'yar Kudancin Kaduna ce, mai barkwanci.

"Mama, me kike ba ta a gida?"

Na lissafa mata.

"Har huɗu! Magani kike yi ko rini?"

Ta zaunar da ni ta yi bayani. Wai a cikin hanta akwai wani sinadari da ke sauya wa ƙwayoyin nama da wake tsari bayan an ci, kamar tela ya farke riga ya ɗinka wata. Mazauninsa hanta, in ta ji rauni sai ya tsiyayo cikin jini. Na yarinyar ya yi yawa. Likita ya ce a bar jiƙo, ta huta, ta ci abinci, mu dawo bayan wata guda.

Zubar da tukunyar nan ya yi mini wuya. Gani nake na bar 'yata ba magani. Na tuntsurar da ita a gindin mangwaro ina hawaye.

Da muka koma aka sake gwaji, ma'aikaciyar ta jera takardu biyu. Ban san lamba ba, amma na iya ƙirga: lambar takardar farko zane uku, ta biyu zane biyu.

"Ya sauka, Mama. Likita ya ce ba irin ciwon Baba ba ne."

Na zube ƙasa ina hamdala. Yarinyar ta dafa kafaɗata.

"Inna, tashi, ana kallonmu. Ni fa yunwa nake ji."

A ƙofar asibitin na saya mata soyayyar doya, ta cinye a tsaye, ta ce a ƙaro.